Julius Kühn, Sarkin Gandu Mai Madubi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa karya zangarniyar dawar da burtuntuna ta kama ya san baƙin garin nan mai laushi kamar kwalli, wanda ke maƙalewa a yatsa. Ina yaro a gonar mahaifina nakan murza shi a tafin hannu in busa, iska ta kwashe shi zuwa kan sauran dawar. Sai bayan shekaru na zauna gaban madubin ƙara girma a ɗakin gwaje-gwaje, aka ɗiga ruwa a kan ɗan gilashi, aka barbaɗa garin, aka ce in duba. Ashe ba gari ba ne. 'Yan ƙwallaye ne birjik, masu launin ƙasa-ƙasa, kowanne da ɓawonsa, kuma kowanne iri ne mai rai. A ƙarshen sunan da masana suka ba cutar na ga sunan wani Bajamushe, Kühn. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da malaman gona suka fi yi a kansa.

Wane ne Julius Kühn?

Masanin aikin gona ne ɗan ƙasar Jamus. An haife shi ranar 23 ga Oktoba, 1825, a garin Pulsnitz da ke yankin Saksoni, ya rasu ranar 14 ga Afrilu, 1910, a birnin Halle. Ana lissafa shi cikin mutanen da suka kafa ilimin cututtukan shuka, kuma shi ya assasa cibiyar koyar da aikin gona ta Jami'ar Halle a 1863. Kafin duk wannan ya shafe kusan shekara ashirin yana aikin gona na zahiri.

Ɗan manomi ne ko ɗan boko?

Mahaifinsa mai kula da gandun wani ne, wato ba gonarsa ba ce, amanarta aka ba shi. A irin wannan gida Julius ya tashi. An kai shi makarantar koyon fasaha a Dresden, amma a 1841, yana ɗan shekara 16, ya koma gona ya zama almajirin sana'ar ubansa. Ya yi yaron gandu, ya yi mataimaki, ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. A 1848 aka damƙa masa gandun Gross Krauschen, kusa da garin Bunzlau a yankin Silesiya, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Ya riƙe shi har 1855.

A ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Idan cuta ta cinye alkama, wani masani a birni zai rubuta takarda a kai. Kühn kuwa shi zai tsaya gaban mai gandu a ƙarshen kaka ya yi bayanin inda hatsi ya tafi.

Daga ina laƙabin nan na mai madubi ya fito?

Daga bakin maƙwabta. A wancan zamani madubin ƙara girma kayan likitoci ne da malaman jami'a, ba a saba ganinsa a gidan mai kula da gandu ba. Kühn ya mallaki nasa. Idan ya zagaya gona ya ga ganye ya yi tabo ko saiwa ta ruɓe, sai ya tsinko ya kawo ɗaki, ya yanka siriri, ya sa a ƙarƙashin gilashi, ya zana abin da ya gani da hannunsa. Sai mutanen yankin suka laƙaba masa Mikroskopenamtmann. Da Hausa ma iya cewa sarkin gandu mai madubi. Sunan ya bi shi har cikin littattafan tarihi.

Bai yi aikin shi kaɗai a lungu ba. Yana hulɗa da masana tsirrai na zamanin, irin su Ferdinand Cohn da Heinrich Göppert a Breslau da Ludwig Rabenhorst a Dresden. Tun yana gandun ya fara buga abin da ya gano, ciki har da bayanin baƙar cutar da ke kama ganyen karas da wadda ke kama wata shuka mai furen rawaya da Turawa ke matse mai daga 'ya'yanta.

Kafin nan me mutane suka ɗauka yana jawo cutar shuka?

Hazo, raɓa, yawan ruwa, mugun iska, lalacewar ruwan jikin shuka. Masana da yawa sun ga fumfuna a jikin shukar da ta kamu, amma sun ɗauka cewa cutar ce ta haifi fumfunar, kamar yadda suka yi imani ruɓa na haifar da tsutsa da kanta. Wato a wurinsu fumfuna alama ce ta ciwo, ba ita ce sanadinsa ba.

Kada a raina su. Duk manomi ya ga yadda cuta ke bin bayan damina mai yawan lema, don haka cewa ruwa ne ya kawo ta magana ce da ido ya yarda da ita. Illa dai idan ruwa ne sanadi, to ba abin yi sai haƙuri. Lokacin da cutar dankalin Turawa ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, masana suna ta gardama a kan ko fumfuna ce ko yanayi. A cikin wannan gardama Kühn ya yi ƙuruciyarsa.

To me ya gani a madubin?

Misali mafi kyau shi ne wata cutar alkama, 'yar'uwar burtuntunarmu. Alkamar takan fito lafiya lau, ta yi kore, ta yi kai, ba wanda zai ce akwai abin da ke damunta. Sai an zo girbi a tarar ƙwayar ba gari a cikinta, baƙar ƙura ce cike, mai ƙarni irin na ruɓaɓɓen kifi. Wajen sussuka ƙwayoyin nan su fashe, ƙurar ta bi ta lulluɓe lafiyayyar alkama, ta ɓata launin gari da ƙamshinsa, kuma ta maƙale a jikin irin da za a shuka baɗi.

Tambayar da ta dami kowa ita ce: ta ina ƙurar da ke bayan iri take bi har ta bayyana a cikin ƙwaya bayan wata da watanni? Kühn ya bi sawunta. Ya shuka irin da ƙurar ta taɓa, ya riƙa tono tsiron tun yana ɗan fari sol bai huda ƙasa ba, yana yankawa yana dubawa. Ya ga ƙurar ta tsira tare da irin, ta fitar da wani zare siriri, zaren ya huda jikin ɗan tsiron ya shige ciki. Daga nan fumfunar takan zauna a ɓoye a wurin da shuka ke ƙara tsawo, shuka na hawa tana hawa tare da ita, ba ta taɓa ganye ba ta taɓa kara, har sai lokacin yin ƙwaya. Nan ne take cinye cikin ƙwayar ta cika shi da 'ya'yanta.

Ka lura da abin da wannan ke nufi ga manomi. Asarar da yake gani ranar girbi an riga an yi ta tun makon shuka. Duk abin da zai yi wa gonar a tsakiyar damina ba zai taɓa cutar ba, domin tana cikin jikin shukar. Ƙofa ɗaya ce, kuma a buɗe take na 'yan kwanaki kaɗai. Wanda ya san haka ya san inda zai tsaya ya tare ta, wato a jikin iri kafin ya shiga ƙasa.

Shi ne ya fara gano cewa ƙurar ce ke kawo cutar?

A'a, kuma adalci ne a faɗi waɗanda suka riga shi. A 1755 wani Bafaranshe, Mathieu Tillet, ya shuka iri kashi-kashi, wani ya barbaɗa masa baƙar ƙurar wani bai barbaɗa ba, ya nuna cewa wanda aka barbaɗa wa shi ke kamuwa. Amma shi ya ɗauka guba ce a cikin ƙurar. A 1807 Bénédict Prévost, wanda ke zaune a Montauban a kudancin Faransa, ya ga ƙurar tana tsira a cikin ruwa a ƙarƙashin madubi, ya kuma lura cewa ruwan da ya taɓa jan ƙarfe yana hana ta tsira. Ya faɗi gaskiyar lamarin tun a lokacin, manyan masana suka yi watsi da shi shekara da shekaru. Sannan a 1853 Anton de Bary, saurayi ɗan shekara 22, ya buga littafin da ya kafa hujjar cewa irin waɗannan fumfuna halittu ne masu cin jikin shuka.

Rabon Kühn a wannan tarihi shi ne ganin shigar zaren da idonsa, da kuma ɗauko ilimin daga hannun masana ya kai shi masussuka.

Wane magani ya ba manoma?

Wanke iri. Akwai wani shuɗin gishiri da ake samu daga jan ƙarfe, wanda manoman Turai suka riga suka san shi tun bayan Prévost, amma kowa da yadda yake yi, wani ya sa kaɗan bai kashe cutar ba, wani ya zuba da yawa ya kashe irin. Kühn ya tsayar da awo: rabin kilo na gishirin a cikin lita 100 na ruwa, a jiƙa irin awa 12 zuwa 16, a kwashe ƙwayoyin da suka taso sama, a shanya, a shuka. Wannan hanya ta daɗe ana kiranta da sunansa a Jamus.

Tana da aibunta. Irin da injin sussuka ya tsattsage yakan sha maganin ya mutu, shi ya sa daga baya aka ƙara ɗauraye shi da ruwan farar ƙasa don rage kaifin. Kuma ba ta maganin cutar da ta riga ta shige cikin ƙwayar tun tana fure. Wannan sai a 1888 wani mutumin Danmak, Jens Ludwig Jensen, ya samo dabarar tsoma iri a ruwan zafi mai awo.

Garin maganin nan da ake sayarwa a ƙananan leda a kasuwanninmu, wanda ake gauraya dawa ko gero ko masara da shi kafin shuka, daga wannan zuriya ya fito, ko da yake sinadarin ya canza sau da yawa. Tunda maganar ta kawo mu nan, dole in ƙara wannan: irin da aka sa wa magani ba abinci ba ne, ko an wanke shi. A ƙasar Iraƙi a 1971 da 1972 mutane sun niƙa irin alkamar da aka yi wa magani mai zaiba suka yi gurasa, fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can. Abin da ya rage bayan shuka a nisanta shi da rumbu, da kaji, da yara.

Wane littafi ne ya fito da sunansa?

Wanda ya buga a Balin a 1858, mai suna da Jamusanci Die Krankheiten der Kulturgewächse, ihre Ursachen und ihre Verhütung, wato cututtukan amfanin gona, sanadinsu da rigakafinsu. Ana ɗaukarsa a matsayin littafi na farko da ya tsara cututtukan shuka bisa fahimtar cewa da yawansu halittu masu rai ne ke kawo su. Kasuwa ta karɓe shi har aka sake bugawa a shekarar da ta biyo. A cikinsa ne ya bayyana fumfunar Rhizoctonia solani, wadda ya gani a jikin dankalin Turawa kamar ɗigon baƙar ƙasa da ta ƙi wankuwa. Yau an san ita ce ke kashe tsiron shuke-shuke iri-iri tun suna ƙanana, tana kuma kama shinkafa da wake.

Bai ce kowace cuta fumfuna ce ba. Ya ware wuri ga illar sanyi da fari da ƙasa marar kyau, domin ya ga waɗannan ma da idonsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarin da ya yi a ƙarshen littafin, mai taken madubin ƙara girma a matsayin kayan gidan manomi. Kayan gida ya ce, kamar mudu, kamar sikeli. Ya yi imani manomi na iya koyon dubawa da kansa, ba sai ya jira wani ya zo daga birni ya gaya masa abin da ke cin gonarsa ba. Yau shekara 160 da ɗoriya ke nan, kuma har yanzu akwai malaman gona da yawa da suka gama karatu ba su taɓa ganin ƙurar burtuntuna a madubi ba sai a hoto. Wannan yana damuna.

Ta yaya mai kula da gandu ya zama farfesa?

Da ƙyar. A 1855, yana ɗan shekara 30, ya ajiye aiki ya shiga kwalejin aikin gona ta Poppelsdorf kusa da Bon, amma bayan zango biyu kuɗi suka ƙare ya fita. Duk da haka a 1857 Jami'ar Leipzig ta ba shi digirin dakta a kan binciken da ya yi na cututtukan hatsi. Ya koyar na ɗan lokaci a kwalejin Proskau, sannan ya koma gona, ya riƙe gandayen wani basarake a Schwusen kusa da Glogau har shekara biyar. A can ya kammala littafin 1858, ya kuma rubuta wani a 1861 kan hanyar ciyar da shanu, wanda aka yi ta sake bugawa har ƙarshen rayuwarsa.

A daidai lokacin ana muhawara a Jamus kan inda ya kamata a koyar da noma. Shahararren masanin sinadarai Justus von Liebig ya soki kwalejojin gona da ke keɓe a karkara, ya ce a kai darasin cikin jami'a inda zai zauna kusa da ilimin sinadarai da na tsirrai. A 1862 Jami'ar Halle ta naɗa Kühn farfesan aikin gona. Ya fara da ɗalibai 'yan ƙalilan. Cikin shekaru ya gina ɗakunan gwaje-gwaje, da gonar gwaji, da lambun tsirrai, da wurin kiwon dabbobi, har cibiyar ta zama wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Wasu jami'o'i sun neme shi, ya ƙi barin Halle.

Mene ne labarin gajiyar ƙasa da ake dangantawa da shi?

Wannan shi ne aikin da ya fi nuna irin tunaninsa. Jamusawa ba sa noman rake, don haka suna samun sukari daga wani farin tushe mai kama da ƙaton karas. An gano sukarin cikinsa a Balin a 1747, aka gina masana'antar farko a Silesiya a farkon ƙarni na 19. Ƙasar da ke kewaye da Halle da Magdeburg baƙa ce mai albarka, ta zama cibiyar nomansa. Da kuɗi suka shigo, manoma suka riƙa maimaita shi a gona ɗaya shekara bayan shekara. Sai amfani ya fara raguwa. Ganye ya riƙa yaushi da rana ko da akwai lema, tushen ya ƙi girma, saiwoyi su yi cunkus kamar gemu. Aka ce ƙasa ta gaji. Masu bin ra'ayin Liebig suka ce shukar ta tsotse sinadarin fotash ne, a ƙara taki. Aka ƙara, bai yi ba.

Tun 1859 wani masanin tsirrai, Hermann Schacht, ya ga wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar kan allura a jikin saiwoyin, ya gane tsutsa ce siririya irin wadda ido ba ya gani sosai. Kühn ya san dangin tsutsar nan, domin a 1857 ya bayyana wata 'yar'uwarta da ke shiga kara, wadda yau aka sani tana lalata albasa da tafarnuwa. Shi da abokan aikinsa suka yi shekaru suna gwaji har suka tabbatar cewa tsutsar ce sanadin gajiyar. Macen takan maƙale a saiwa ta kumbura kamar ɗan lemun tsami, ta mutu, fatarta ta bushe ta zama jaka mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai. Jakar na iya zama a ƙasa shekaru tana jiran a sake shuka abincinta.

Ya gwada zuba sinadari mai tururi a ƙasa, tsada ta yi yawa. Sai ya fito da dabarar shukar tarko: a shuka wata shuka mai saurin fitowa da tsutsar ke so, a bari 'ya'yan tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga saiwarta, sannan a bi da garma a tumɓuke ta kafin su balaga. A yi haka sau da yawa a damina ɗaya. Manomanmu da ke sa waken soya ko auduga a gonar da wuta-wuta ta addaba, don irin ciyawar ya tsira ya rasa abin kamawa ya mutu, za su gane hikimar nan take.

Dabarar ba ta karɓu sosai ba a zamaninsa, kuma da dalili. Tana cin aiki da kuɗi, sannan idan aka yi lattin 'yan kwanaki wajen tumɓukewa, an ciyar da tsutsar ke nan an ƙara mata yawa. Abin da ya zauna shi ne sauya shuka da ba gona tazarar shekaru kafin a maimaita. Sai a ƙarni na 20 aka samar da irin shukar tarko da tsutsar ke shiga amma ba ta iya hayayyafa a ciki, manoman Jamus suna amfani da su yau. A 1889 an buɗe tashar bincike ta musamman a Halle don yaƙi da wannan tsutsa, wadda daga baya ta faɗaɗa zuwa kare shuke-shuke baki ɗaya.

Malam, mutumin da ya yi rayuwarsa a Jamus, ina ruwansa da dawarmu?

Ta hanyar busassun samfura da ake aika masa daga ƙasashe masu zafi. Burtuntunar dawa kashi huɗu ce a wurin masana, kuma uku daga ciki Kühn ne ya fara bayyana su ya ba su suna.

Akwai wadda ke fasa ƙwaya da wuri ta bar ƙura a fili, shukar ma takan gajarce ta yi kai kafin sauran, ya bayyana ta a 1872. Akwai wadda ke cinye zangarniya ɗungurungum, a buɗe a ga baƙar ƙura da wasu zare-zare kawai, ya bayyana ta a 1875 daga samfurin da wani likita mai suna Reil ya samo a Masar, shi ya sa sunanta Sporisorium reilianum. Tana kama masara ma. Ta uku ita ce mai fitar da dogayen jakunkuna farare kamar ƙaho a tsakanin lafiyayyun ƙwayoyi, wadda aka fi gani a wurare masu ƙarancin ruwa, har da arewacin Nijeriya da Nijar.

Bambanta su yana da amfani a aljihu. Mai fasa ƙwaya, da ta huɗun da ke zama a rufe cikin ƙwaya har sai an zo sussuka, a jikin iri suke tafiya, maganin iri yana kashe su. Mai cinye zangarniya kuwa a ƙasa take kwana, don haka maganin iri bai cika yi mata komai ba, sai dai a cire kan da ya kamu tun bai fashe ba a ƙone, a sauya shuka, a nemi iri mai juriya. Mai dogayen jakunkuna iska ce ke kai ta lokacin da dawa ke shirin fitar da kai. Manomin da ya sa wa iri magani ya kuma ga burtuntuna a kaka, ba lalle ne an sayar masa da jabu ba, mai yiwuwa wata ce daban.

Da gaske ne akwai gonar da ya shuka da har yanzu ake nomawa?

Da gaske ne. A 1878 ya ware fili a Halle ya shuka wani hatsi dangin alkama da Jamusawa ke kira Roggen. Ya raba filin: wani yanki takin dabbobi, wani takin zamani, wani ba a sa masa komai. Ana ta maimaita hatsin nan a wurin kowace shekara har yau, ana auna amfani da lafiyar ƙasa. Gwajin Rothamsted na Ingila, wanda aka fara a 1843, ya girme shi, amma yana cikin mafi daɗewa a duniya. Tambayar da ya so a amsa ita ce ko takin zamani zai iya maye gurbin na dabbobi a tsawon zamani, tambayar da shekara biyar ko goma ba za su amsa ba. Irin wannan gwaji aka fara a Samaru ta Zariya a 1950, da kashin shanu da takin zamani a ƙasarmu.

An ce ya yi aiki a kan dabbobi ma?

Ya yi. A 1865 ya buɗe wurin kiwo a cikin cibiyar inda ya tara shanu da tumaki da awaki da dawaki daga sassan duniya, ana gwada ciyarwa da haɗa jinsi. Ƙasusuwan dabbobin da aka adana su ne tushen gidan tarihin dabbobin gida da ke Halle mai ɗauke da sunansa.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da bai kamata a tsallake ba. A farkon ƙarni na 20 ya sa aka kawo tumakin Karakul daga Bukhara da ke tsakiyar Asiya zuwa Halle, waɗanda ake yanka 'ya'yansu kwana ɗaya ko biyu da haihuwa saboda fatarsu mai nannaɗaɗɗen gashi. A 1907 aka kai irin tumakin nan ƙasar da yau ake kira Namibiya, lokacin tana hannun Jamus. Shekarun nan ne, 1904 zuwa 1908, sojojin Jamus suka yi wa al'ummomin Herero da Nama kisan ƙare dangi, aka ƙwace filayensu da dabbobinsu. Kiwon Karakul ya bunƙasa ya arzuta Turawa 'yan kama-wuri-zauna a kan ƙasar da aka raba masu ita da ita. Ina girmama aikin Kühn a kan cututtukan shuka ƙwarai, kuma ina ganin wajibi ne mai karatu ɗan Afirka ya san cewa ilimin cibiyarsa ya yi wa mulkin mallaka hidima a wannan wuri.

Yaya ƙarshen rayuwarsa, kuma me ya rage da sunansa?

Ya ci gaba da aiki har tsufa. Yana da shekara 70 da ɗoriya ya sayi wani gandu mai ƙasar rairayi a yankin Lausitz don ya gwada yadda za a inganta irin wannan ƙasa marar ƙarfi. Ya bar kujerarsa a 1909, bayan shekara 47 a Halle, ya rasu a shekarar da ta biyo yana da shekara 84. A Halle aka binne shi.

Tun 1 ga Janairu, 2008, babbar cibiyar binciken amfanin gona ta gwamnatin tarayyar Jamus, mai hedikwata a Quedlinburg, sunansa take ɗauke da shi: Julius Kühn-Institut. Wata fumfuna mai kama da tsatsa da ke kama ganyen rake ma an sa mata Puccinia kuehnii don girmama shi. Ɗalibin da ya buɗe littafin cututtukan shuka ya ga Kühn ko J.G. Kühn a bayan sunan wata fumfuna, shi ake nufi, cikakken sunansa Julius Gotthelf Kühn.